Ta Ina Ake Juya Alƙali? Fashin Baƙi Kan 'Yancin Kotuna a Najeriya

A ranar 25 ga Janairu 2019, saura 'yan makonni a yi zaɓen shugaban ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, ya rantsar da Ibrahim Tanko Muhammad a matsayin muƙaddashi. Hujjarsa ita ce wani umarni da kotun ɗa'ar ma'aikata ta bayar a bayan idon wanda ake ƙara, bisa zargin bai bayyana wasu asusunsa na banki ba. Sashe na 292 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa ya faɗi yadda ake raba Alƙalin Alƙalai da kujerarsa: sai kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa sun nemi shugaban ƙasa ya cire shi. Maganar ba ta je majalisa ba. Kotun ɗa'ar ta same shi da laifi a Afrilun 2019, sai a Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin ta wanke shi, bayan sulhu tsakaninsa da gwamnatin tarayya. A lokacin ya daɗe da haura shekara 70, shekarun ritaya.

Irin wannan shi jama'a ke tunawa idan aka yi zancen katsalandan a harkar shari'a, alhali shi ne ya fi ƙarancin aukuwa. Korar babban alƙali aiki ne mai hayaniya, kuma doka ta sa masa shinge mai ɗan ƙwari. Matsin da ya fi tasiri shi ne wanda ba a jin ƙararsa: wa ya sa sunan mutum a jerin waɗanda za a naɗa, wa ke sakin kuɗin man janareton kotu, wa ke raba fayil, wa ke da ikon yi masa canjin wurin aiki, kuma in ya yanke hukunci wa zai zartar.

'Yancin alƙali ba lasisin yin abin da ya ga dama ba ne. Doka ta ɗaure shi, shaidun da ke gabansa sun ɗaure shi, kotun da ke samansa tana iya rushe hukuncinsa. Abin da ake nufi shi ne, ranar da zai yanke hukunci kada ya zama yana lissafin abin da zai rasa ko abin da zai samu. Kuma an tanadi wannan kariya ne domin mai ƙara da wanda ake ƙara, musamman wanda ba shi da kowa. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ya umarce shi ya daidaita mutane a majalisarsa da fuskarsa da hukuncinsa, don kada babba ya sa rai za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da tsammanin adalci. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1985, da sashe na 26 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, duk a kan wannan manufa suke.

Naɗi: inda ake fara cin bashi

Ga yadda ake naɗa alƙalin babbar kotun jiha. Babban Jojin Jiha, wanda shi ne shugaban Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, zai sanar da gwamna yawan alƙalan da ake buƙata, ya kuma nemi amincewar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Sai a buɗe ƙofar neman aikin ga lauyoyin da suka shekara 10 ko fiye da zama lauya. A tace sunaye, a fitar da aƙalla ninki biyu na guraben da ke akwai, a nemi ra'ayin alƙalai da ƙungiyar lauyoyi, a karɓi rahoton hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, a kan kowa. Hukumar jihar ta aika jerin ƙarshe Abuja, NJC ta yi wa mutane tambayoyi, ta miƙa wa gwamna sunayen da ta amince da su, shi kuma ya naɗa ya rantsar. In Babban Joji ne ko Girandi Kadi, sai majalisar dokokin jiha ta tabbatar. A Kotun Ƙoli shugaban ƙasa ne ke naɗawa bisa shawarar NJC, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma shekara 15 ake nema.

A takarda gwamna ɗan sa hannu ne kawai. A aikace hannunsa na ciki tun daga tushe. Kwamishinan shari'arsa mamba ne a hukumar jihar, kuma gwamnan ne ke naɗa lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da ke zama a cikinta. NJC ba ta ƙirƙiro suna, daga abin da aka aiko mata take zaɓa. Wanda aka zare sunansa a jiha, Abuja ba za ta ma san da shi ba. Sannan ƙa'idojin NJC sun ce kafin a ƙara alƙalai sai an nuna akwai ɗakin kotu da mota da gida da ɗakin karatu. Niyyar mai kyau ce, amma duk waɗannan daga aljihun gwamnatin jiha suke fitowa, don haka gwamnan da bai ga nasa a jerin ba yana iya cewa babu kuɗi, magana ta tsaya cak.

Akwai kuma ikon jan ƙafa. Kundin bai ce kwana nawa shugaba zai yi da sunaye a kan teburinsa ba. A Kenya, Shugaba Uhuru Kenyatta, wanda Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓensa a ranar 1 ga Satumba 2017, ya riƙe sunayen alƙalai 41 da hukumar shari'a ta miƙa masa a 2019, sai a 2021 ya naɗa 34 ya bar wasu. A jihar Ribas, Gwamna Rotimi Amaechi ya ƙi wadda NJC ta ba da sunanta, Mai Shari'a Daisy Okocha, ya rantsar da Mai Shari'a Peter Agumagu a matsayin Babban Joji a 2014. NJC ta dakatar da Agumagu, rikici ya yi ƙamari, kotunan jihar suka zauna a rufe kusan shekara guda. Masu jiran beli a kurkuku su suka biya kuɗin wannan taƙaddama.

Cirewa, da tambayar wa ke tsaron mai tsaro

Nan ne doka ta fi yin aiki. A 2009 majalisar dokokin Kwara, bisa buƙatar Gwamna Bukola Saraki, ta tsige Babbar Jojin jihar, Raliat Elelu-Habeeb. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce gwamna da majalisa ba su da ikon cire Babban Joji sai NJC ta binciki zargin ta ba da shawara. Wannan hukunci shi ya tsaya wa Babbar Jojin Osun a 2023 da Babban Jojin Binuwai a 2025, lokacin da aka yi yunƙurin kawar da su ta hanyar majalisa. Darajarsa a fili take ga duk wanda ya san yadda majalisun jihohi suke: samun kashi biyu cikin uku a wurin gwamna aikin yini ɗaya ne.

Bayan jami'an DSS sun fasa gidajen alƙalai cikin dare a Oktoban 2016, har da na alƙalan Kotun Ƙoli biyu, Sylvester Ngwuta da Inyang Okoro, an sake samun wani shingen. A shari'ar Mai Shari'a Hyeladzira Nganjiwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Disamban 2017 cewa ba a gurfanar da alƙali mai ci kan laifin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara hukunta shi, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2022. Masu suka sun ce an ba alƙalai rigar kariya ta bayan fage. Masu goyon baya sun ce in babu wannan, duk alƙalin da ya ba da belin wanda gwamnati ba ta so, washegari zai ga takardar gayyata daga EFCC. Kowanne da gaskiyarsa. Abin da hukuncin ya haifar dai shi ne komai ya koma wuyan NJC, don haka dole a duba su wa ke cikinta.

Mambobinta 24 ne. Biyar suna zama ne saboda muƙaminsu: Alƙalin Alƙalai a matsayin shugaba, mai bi masa a Kotun Ƙoli, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babban Jojin Babbar Kotun Tarayya da shugaban Kotun Ma'aikata. Sauran 19 duk Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa su: tsofaffin alƙalai biyar, manyan jojin jihohi biyar, Girandi Kadi ɗaya, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada ɗaya, lauyoyi biyar da ƙungiyarsu ke ba da sunayensu, da mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba. Lauyoyin nan biyar ma a zaman naɗi kaɗai kundin ya ba su kujera. Shi dai mutum ɗayan nan shi ke shugabantar hukumar da ke tace sunayen alƙalan tarayya kafin su iso NJC, shi ke shugabantar cibiyar horar da alƙalai, shi ke shugabantar kwamitin da ke ba lauyoyi lambar SAN, wato matsayin babban lauya. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya soki wannan tarin iko a bainar jama'a a jawabinsa na bankwana da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023.

Masu tsara kundin sun so su raba kotu da 'yan siyasa, sai suka tara mabuɗan a hannu ɗaya. Illar ita ce mai son juya ɓangaren shari'a ba ya buƙatar bin alƙalai ɗaya bayan ɗaya. Kuma matsin yana iya fitowa daga cikin gida. A 2011 shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Ayo Salami, ya zargi Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da neman tsoma baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. NJC ta dakatar da Salami a Agustan 2011. A Mayun 2012 ita dai NJC ta ba da shawarar a mayar da shi, Shugaba Goodluck Jonathan bai mayar ba, har ya yi ritaya a 2013.

Takardar ƙorafi ma makami ce mai kaifi biyu. Ƙa'idar NJC ita ce a rubuto ƙorafi cikin wata shida tare da takardar rantsuwa, wani kwamiti ya duba ko akwai abin bincike, in akwai a kafa kwamitin da zai saurari ɓangarorin biyu. Hukuncin yana farawa daga gargaɗi, zuwa hana ƙarin girma, dakatarwa, ritayar dole ko kora. Amma lauyan da ya hango shari'a za ta kuɓuce masa yana iya rubuta ƙorafi a kan alƙalin, ya nemi ya janye. In alƙalin ya janye don kare mutuncinsa, fayil ya koma wurin Babban Joji, sabon alƙali ya faro daga farko, a sake kiran shaidun da wasunsu sun mutu ko sun gaji. Shekara uku na aiki ta tafi a banza, ba tare da an ba kowa ko kwabo ba.

Kuɗi

Ba a nan gizo ke saƙar ba sai an zo kan kuɗi. Albashin alƙalan manyan kotuna, har da na jihohi, daga asusun tarayya yake fita ta hannun NJC, kuma sashe na 84 ya hana a rage wa alƙali albashi bayan an naɗa shi. Sai dai kundin ya hana ragewa ne da alƙalami, bai hana hauhawar farashi ta cinye shi ba. Albashin da aka tsayar a 2008, lokacin dala tana wajen naira 120, shi aka ci gaba da biya har 2024, lokacin da dala ta kai wajen naira 1,500. A Agustan 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta yi ƙarin kashi 300 cikin ɗari. Kafin nan, a Yunin 2022, alƙalan Kotun Ƙoli 14 sun rubuta wa Alƙalin Alƙalai Tanko Muhammad wasiƙar koke kan gidaje da motoci da man dizal da wutar lantarki, abin da ba a taɓa gani ba. Bai ƙara mako biyu ba ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya.

A jihohi abin ya fi tsanani, domin ginin kotu, gyaran rufi, motoci, takardu, albashin majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci da magatakarda da masinja, duk gwamnatin jiha ce ke ɗauka. Sashe na 121(3) ya ce a biya kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga shugabannin kotuna. Abin da aka saba yi kuwa daban ne. Majalisa ta amince da kasafi, amma kasafi alkawari ne kawai, kuɗi ba ya motsi sai gwamna ya sa hannu Akanta Janar ya saki. Sai ka ga Babban Joji yana rubuta takardar roƙo, yana aika babban magatakarda ya yi ta sintiri tsakanin ma'aikatar kuɗi da gidan gwamnati, a daidai lokacin da ƙararrakin da aka shigar da gwamnatin ke jibge a kotunansa.

An yi ta fafatawa a kan wannan. A 2014 Babbar Kotun Tarayya ta ba ƙungiyar ma'aikatan kotu, JUSUN, gaskiya, ta ce a riƙa biya kai tsaye. Gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu. A 2018 aka yi wa sashen gyara. A Mayun 2020 Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10, wanda ya ba Akanta Janar na Tarayya ikon cire kuɗin daga kason jihar da ta ƙi biya. Jihohi 36 suka garzaya Kotun Ƙoli. JUSUN ta rufe kotunan ƙasar baki ɗaya daga 6 ga Afrilu 2021 har fiye da wata biyu. A Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida cikin bakwai, ta soke umarnin, ta ce shugaban ƙasa ya wuce huruminsa. Abin lura ne cewa kotun ta yanke hukuncin da ya saɓa wa amfanin ɓangarenta. A Maris 2023 aka sake gyaran kundin, aka wajabta biya wata-wata, aka kafa kwamitin rabon kuɗi a kowace jiha. Shugaban kwamitin shi ne kwamishinan kuɗi, wanda gwamna ke naɗawa ya kuma sauke duk ranar da ya so.

Daga wannan rami ne al'adar kyauta ta fito. Gwamna ya tara alƙalai a gidan gwamnati, a jera sababbin motoci, a miƙa makullai gaban 'yan jarida, Babban Joji ya tashi ya yi godiya. Motar nan haƙƙin ofis ce, kamata ya yi kotu ta saya daga kasafinta ba tare da biki ba. Da aka mai da ita kyauta, sai ta zama alheri da ake jiran sakayya, kuma in baki ya ci ido kan ji kunya. An yi wannan muhawara a 2024 da Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya fara gina wa alƙalai gidaje 40 a Katampe. Ya ce aikin gwamnati ne da aka amince da shi a kasafi. Masu suka suka ce ministan ɗan siyasa ne da rigingimunsa ke gaban waɗannan kotuna. Ko da babu alƙali ɗaya da ya karkata, wanda ya sha kaye a shari'a da mai ginin ba zai taɓa yarda an yi masa adalci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da rufe wannan ƙofa, suna kafa hujja da hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa.

Fayil da odar kotu

Ba lallai a nemi alƙali ya canza ra'ayi ba, in ana iya zaɓen alƙalin da ra'ayinsa ya dace. Shugaban kotu shi ke raba shari'u, shi ke yi wa alƙali canji daga wannan gari zuwa wancan, yana kuma iya karɓe fayil ya ba wani. Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara shi ke haɗa alƙalan kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe, waɗanda sashe na 285 ya ba su kwana 180 su gama, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Babu wanda ake yi wa bayanin dalilin da ya sa aka ba wane shari'a kaza. Maganin da wasu ƙasashe ke amfani da shi shi ne kwamfuta ta raba fayil ta hanyar ƙuri'a, kuma duk canjin da aka yi daga baya a rubuta dalilinsa inda lauyoyin ɓangarorin biyu za su gani.

'Yan siyasa ma suna nasu zaɓen. Doka ta yarda alƙali ya ba da umarnin wucin gadi ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba, amma sai in akwai gaggawar da jira zai jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma na 'yan kwanaki ne kafin a saurari kowa. Sai aka mai da shi hanyar cin nasara tun kafin a fara shari'a. A Agustan 2021, kan kujerar shugaban PDP Uche Secondus, wata kotu a Ribas ta dakatar da shi, wata a Kebbi ta mayar da shi, wata a Kuros Riba ta sake hana shi, duk cikin kwanaki kaɗan. NJC ta hana alƙalan uku ƙarin girma na wasu shekaru. A Mayun 2024 aka maimaita a rikicin masarautar Kano, Babbar Kotun Tarayya da babbar kotun jiha suna ba da umarni masu karo da juna, har Alƙalin Alƙalai Olukayode Ariwoola ya kira shugabannin kotunan biyu Abuja. In oda biyu suka ci karo, jami'an tsaro ne ke zaɓar wadda za su bi, wato hukunci ya bar hannun kotu ke nan.

Shari'ar zaɓen Kano ta 2023 ta nuna wani nau'in matsin, wanda ke zuwa daga titi da soshiyal midiya. A Agusta Mai Shari'a Flora Azinge, shugabar kotun ƙararrakin zaɓen 'yan majalisa, ta faɗa a zaman kotu cewa ana ƙoƙarin ba da cin hanci. A Satumba gwamnatin jihar ta kori wani kwamishina saboda barazanar da ya yi wa alƙalai, kuma kotun zaɓen gwamna ta karanta hukuncinta ta Zoom a ranar 20 ga watan, alƙalan ba sa cikin ɗakin. Sukar hukunci haƙƙin kowa ne, lauyoyi da malaman jami'a kullum suna yi, kuma kotu tana gyaruwa da shi. Yaɗa hoton alƙali da unguwar da iyalinsa suke wani abu ne daban.

Hukunci a takarda

Kotu ba ta da ɗan sanda ko gidan yari nata. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncinta, amma masu zartarwar duk ma'aikatan ɓangaren zartarwa ne. Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya zauna a tsare daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019, duk da belin da kotuna daban-daban suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS na 2016. A Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky, bai fito ba sai Yulin 2021, bayan wata kotu a Kaduna ta sallame shi. A shari'ar kuɗi kuwa, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar. Ka kayar da gwamnati a kotu, sannan ka koma wurin lauyanta neman izinin karɓar haƙƙinka.

Zamanin soja ba a ɓoye-ɓoye. Da Kotun Ƙoli ta yanke wa gwamnatin Gowon hukuncin da bai yi mata daɗi ba a shari'ar Lakanmi a 1970, sai aka fitar da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin. A 1975 gwamnatin Murtala ta sauke Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Duniya. A Nijar, da Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba gardamar tazarce ta saɓa wa doka, Shugaba Mamadou Tandja ya rushe kotun a Yunin 2009. Gwamnatin farar hula ta yau ba ta buƙatar rushe kotu. Ta ɗaukaka ƙara, ta nemi a dakatar da zartarwa, ko ta shigar da sabuwar tuhuma a wata kotun, wanda aka ce a saki yana nan inda yake.

Kotunan da talaka ya sani

Duk kariyar da aka lissafo a sama ta alƙalan manyan kotuna ce. Sashe na 318 ya jero waɗanda kundin ke ɗauka a matsayin masu riƙe da muƙamin shari'a, daga Alƙalin Alƙalai zuwa alƙalin babbar kotu da kadin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci. Majistare ba ya ciki, alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa da na kotun yanki ba sa ciki. Alhali rikicin aure da gado da gona da bashi da haya da ƙananan laifuka, wato kusan duk abin da ke kai mutumin Arewa kotu, a gabansu yake farawa, yawanci kuma a nan yake ƙarewa, saboda kuɗin lauya da na ɗaukaka ƙara.

Waɗannan alƙalai hukumar jiha ce ke ɗaukarsu, ta ƙara musu girma, ta hukunta su, ta kore su, NJC ba ta da hannu. Albashinsu na jiha ne, in an yi jinkirin biyan ma'aikata har da su. Da yawa ba su da motar ofis ko gidan gwamnati ko ɗan sanda mai gadi, haya suke a unguwa ɗaya da waɗanda suke yanke wa hukunci, wani ma motar haya ɗaya zai shiga da dangin wanda ya tura gidan yari da safe. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya ta isa ta raba mutum da iyalinsa da makarantar 'ya'yansa, kuma ba a kiran wannan horo, balle ya nemi bahasi.

Arewa ta san wannan ciwo tun da. A zamanin En'e kotunan alƙalai a ƙarƙashin sarakuna suke, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a shekarun 1950, ana ɗaure su kan taro ba izini ko zagin sarauta. Dokokin kotunan yanki na 1967 ne suka raba kotunan da En'e suka mai da su ƙarƙashin Babban Joji. Salon dai bai mutu ba. A kama mai sukar gwamna, a kai shi gaban majistare da tuhumar ɓata suna ko tada hankalin jama'a, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce ba a gama bincike ba, a ɗage sauraron beli zuwa mako biyu, a wuce da shi gidan gyaran hali. Ko an sallame shi daga baya, an riga an cim ma abin da ake so. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kwafa da 'yan canje-canje, ta taƙaita irin wannan tsarewa: kwana 14 a karon farko, ƙarin 14 in an kawo dalili, daga nan sai hukuma ta zo ta nuna hujjar da za ta hana a saki mutum. Ta kuma ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Amma aiki da wannan iko yana buƙatar majistaren da zai iya ce wa lauyan gwamnati a'a, alhali maigidan lauyan, kwamishinan shari'a, yana zaune a hukumar da za ta duba ƙarin girmansa.

Gyaran kundin da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ya ɗaga shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna daga 65 zuwa 70, dokar 2024 ta ƙara musu albashi. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya shafi majistare ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, waɗanda a yawancin jihohi har yanzu dokar ma'aikatan gwamnati ce ke kansu: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki.